Matashi da Bashi: Ta Ina Za a Fara Biya?

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Nehemiya 5:1-13, Romawa 13:7-8

Yau maganata da matasa ce, samari da 'yan mata da sababbin ma'aurata, waɗanda suka wuce shekara ashirin amma ba su kai talatin ba. Iyaye da dattawan ikkilisiya, kada ku kashe rediyo, gama akwai rabonku a ƙarshe.

A da, in saurayi ya tsaya bayan sujada yana jira sai kowa ya watse domin ya gan ni, nakan san maganar aure ce ta kawo shi. A 'yan shekarun nan abin ya sāke. Zai zauna ya sunkuyar da kai, ya yi ta gaisuwa, sa'an nan ya ce, “Baba Fasto, ana bi na kuɗi.” In na tambaye shi nawa ne, sau da yawa shi kansa bai sani ba. Ya dai san ba ya iya barci, ya san akwai hanyar da ya daina bi a garinsu. Saboda irin waɗannan 'ya'ya namu ne na ga ya kamata mu duba wannan magana a fili.

Gwauruwar da ake bi bashi

Karatunmu na fari ya ba mu labarin wata mace wadda mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa. Ya mutu ya bar ta da 'ya'ya maza biyu da bashi. Mai bin bashin kuwa yana shirin zuwa ya kwashe yaran su zama bayinsa. Ta kai kukanta wurin annabi Elisha. Shi kuma ya tambaye ta abin da ya rage mata a cikin gida, ta ce ba kome sai ɗan tulun mai. Ya aike ta ta aro tandaye da yawa waɗanda ba kome a ciki daga wurin maƙwabta, ta shiga ɗaki da 'ya'yanta ta rufe ƙofa, ta yi ta tsiyaya. Man bai tsaya ba sai da tandayen suka ƙare. Da ta koma ta faɗa masa, ya umarce ta ta sayar da man, ta biya mai binta, ita da yaran su rayu da abin da ya saura.

Ku lura da abu na fari. Mijin nan mai tsoron Allah ne, duk da haka ya mutu da bashi a wuyansa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka, ɗana, 'yata, kasancewar ana binka kuɗi bai nuna Allah ya yashe ka ba. Abin da ya zama laifi shi ne abin da Zabura 37:21 ta ambata, wato mutum ya ci bashi ya ƙi biya.

Na biyu, ku lura da jerin da annabin ya bi. Sai da aka ƙidaya abin da ke gida. Sa'an nan aka yi aiki da shi. Sa'an nan aka biya. Cin abin da ya saura shi ne ya zo ƙarshe. Yawancinmu mukan juya jerin nan: mu ci tukuna, in wani abu ya rage mu kai wa mai binmu. Ga wanda samunsa kaɗan ne kuwa, ba abin da zai taɓa ragewa. Wannan ita ce maganata ta yau gaba ɗaya, sauran bayani ne.

Na uku, Hausa ta raba tsakanin aro da rance. Abin da ka ara shi kansa za ka mayar, kamar garma ko amalanke. Rance kuwa ka cinye shi, sai ka nemo wani ka mayar. Annabin ya aiki matar nan aron kayan aiki. Bai aike ta ta ranto kuɗi a wani gida ta toshe ramin wani gida ba.

Abin da ya sa bashi ya yi wa matasanmu yawa

Ƙasarmu ta Tofa da kewayenta ƙasa ce mai cunkoson jama'a. A ƙidayar 2006 an sami kusan mutum dubu ɗari a ƙaramar hukumar Tofa kaɗai, kuma tun daga lokacin an ƙaru ƙwarai, gona kuwa ba ta haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki takwas ko goma ne suka raba ta. Saurayin da yake cikin gandun mahaifinsa, gayaunarsa ba za ta cika masa rumbu ba, balle ta yi masa aure. Dole ya haɗa da ƙwadago, ko leburanci a gine-ginen da ke hanyar Gwarzo, ko dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, ko tuƙin A Daidaita Sahu a cikin birni.

A kan wannan kuma tsadar rayuwa ta sauko. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba 2024 tashin farashin kaya ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. A wannan shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, gwamnatin Kano ta sa nata 71,000. Amma matasan ƙauye nawa ne suke cin albashin gwamnati? Sa'an nan a 2025 farashin masara da sauran hatsi ya faɗi ƙwarai alhali taki bai sauko ba. Wanda ya ci bashi ya sayi taki da tsada, yana lissafi da farashin shekarar da ta wuce, ya girbe ya tarar buhunansa ba su kai abin da ake binsa ba.

Na faɗi waɗannan domin kada wani dattijo ya ce lalaci ne kawai ya jefa yaran yanzu cikin bashi. Amma kai matashi, kada ka fake da su. Ba kai ka cire tallafi ba, gaskiya ne, sai dai sunanka ne yake rubuce a littafin mai kanti.

Basusuka ba iri ɗaya ba ne

Kafin a yi maganar biya sai an san irin ciwon. Akwai bashin da yake zaune, kamar na mai kanti ko na aboki. Naira dubu takwas ce yau, ita ce gobe. Abin da yake ci shi ne zumunci da mutunci.

Akwai bashin da yake girma, wato mai kuɗin ruwa. A yau mafi haɗari a cikinsu shi ne rancen da ake bayarwa ta waya, wanda mutum zai danna cikin dare kuɗi su shigo, ba shaida, ba wanda ya gan shi. Sukan faɗi ruwansu a kan mako ko wata domin ya yi ƙanƙanta a kunne. In an ce kashi 20 cikin ɗari a wata, wannan kashi 240 ke nan a shekara, tun ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba. Waɗansunsu kuma, in mutum ya makara, sukan aika saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayarsa, har da surukai da fasto. Saboda wannan ne hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu a 2022, ta kuma sa dokar sai sun yi rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan wayar mutane. In an yi maka irin wannan cin mutunci kana da ikon kai ƙara. Amma ƙarar ba ta share kuɗin da ka karɓa.

Akwai bashin da ya rataya a kan amfanin gona, wanda iyayenmu suke kira falle. Cikin marka, sa'ad da rumbu ya ƙare hatsi ya yi tsada, sai mutum ya karɓi hatsi ko kuɗi da alkawarin zai biya da amfani in kaka ta yi. Ya karɓa lokacin tsada, zai biya lokacin araha, saboda haka buhu ɗaya yakan ci fiye da buhu ɗaya. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, daga baya ta yi aiki a Dorayi ta nan Kano. Ta nuna yadda talakan manomi yake sayar da hatsinsa da kaka domin biyan bashi, damina ta zo ba shi da abinci, sai ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa ciyawa ta cinye, kaka mai zuwa ta fi ta bara lalacewa. Fiye da shekara hamsin ke nan, igiyar nan har yanzu tana wuyan mutanenmu.

Akwai kuma jingina, wato a ba da gona a karɓi kuɗi, mai kuɗi ya yi ta noma har ran da aka mayar masa da kuɗinsa. Zan komo kanta.

A ƙarshe akwai rance mai sauƙi, kamar na ɗalibai wanda aka sa hannu a dokarsa a Afrilu 2024, asusun da ake kira NELFUND. Ba shi da ruwa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Wannan ma bashi ne, za a biya, amma ba shi ne za ka sa a gaba ba.

Mataki na fari: rubuta

Sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Zauna kai kaɗai, ko kai da matarka. Rubuta sunan kowane mai binka, da nawa ne, da ko yana da ruwa, da ranar da ka yi alkawari. Kada ka tsallake na mai shayi ko na mai cajin waya domin ƙanana ne. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi amintacce ya rubuta masa. Na ga matasa da yawa suna tsoron wannan takarda, amma na lura bashin da aka rubuta yakan fi wanda ake juyawa a zuci da dare ƙanƙanta. A Luka 14:28 Ubangijinmu ya yi magana a kan mai gini wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya fara. Lissafi ba rashin bangaskiya ba ne.

A shafi na biyu rubuta abin da yake shigowa. In samunka ba na wata-wata ba ne, ɗauki watan da ya fi muni ka yi lissafi da shi. A shafi na uku rubuta duk abin da ka kashe har kwana talatin, ko da naira hamsin ce. A nan ne za ka ga inda tulunka yake yoyo.

Mataki na biyu: tsai da sabon bashi

Ba a kwashe ruwa daga ɗaki alhali rufin yana zuba. Daga ranar da ka rubuta takardar nan, ba sabon rance. Cire manhajar rance daga wayarka bayan ka biya ta. Kada ka tsaya wa wani a kan bashi alhali kai ma ana binka. Karin Magana 22:26-27 ta gargaɗe mu cewa mai yin haka har shimfiɗarsa za a iya janyewa. Ina kuma roƙonku da babbar murya a kan cacar ƙwallo. Na san abin da zuciya take faɗa: in na ci sau ɗaya zan biya kowa. Shekaruna a aikin nan ban taɓa ganin wanda caca ta fitar daga bashi ba, amma na ga waɗanda ta raba da babur da keken ɗinki.

Mataki na uku: je ka ga mai binka

Wannan ya fi duka wuya. Kada ka jira ya zo, kada ka aika yaro. Wanke ƙafa ka je da kanka, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na zo ne a kan kuɗin da kake bi na. Na saɓa alkawari, ka yi mini haƙuri. Ba zan iya biya gaba ɗaya ba, amma ga ranar da zan fara, ga abin da zan riƙa kawowa.” Faɗi abin da za ka iya, ko da ya yi kaɗan. Alkawarin naira dubu biyu da aka cika ya fi na dubu goma da aka saɓa.

Bari in ba ku labarin kaina. A shekarun 1990, da na gama makarantar tauhidi aka tura ni wata ƙaramar ikkilisiya a ƙauye, na yi aure da rance. Wani maƙwabcina Musulmi mai sayar da hatsi shi ya ba ni, da alkawarin kaka. Kaka ta zo ta wuce ban biya ba, gama albashina ba ya zuwa a kan kari, wani lokaci ma da tiyar dawa ake biya na. Sai na daina bin ƙofar rumfarsa. Nakan tura kekena ta burtali, in zaga bayan gari, in je majami'a in yi wa'azi a kan gaskiya. Wata biyar ina haka, matata ba ta sani ba, sai ran da matarsa ta yi mata zancen a bakin rijiya. Daren nan ba mu yi barci ba. Da gari ya waye muka sayar da rakodata mai kaset da tunkiyar da ta zo da ita daga gidansu, na ɗauki kuɗin na je. Mutumin ya ƙirga, ya dube ni ya ce, “Malam, kuɗin ba su dame ni kamar gaisuwar da ka yanke ba. Na ce ko haka addininku ya koya muku.” Sauran kuɗin na biya cikin wata tara. Amma maganar nan tasa har yau tana kunnena. Mu da muke zaune tsakiyar maƙwabta waɗanda ba sa shiga majami'armu, littafin bashin mai kanti shi ne wa'azin da suke karantawa.

Mataki na huɗu: ware na biya tun kuɗi suna hannu, ka bi jeri

Ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka shiga kasuwa, ware rabon bashi. Sa'an nan ka biya bisa ga jeri: mai girma tukuna, sa'an nan ƙanana masu ɓata zumunci, sa'an nan babba wanda yake zaune.

Ga misali, domin a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce saurayi yana samun naira 60,000 a wata. Ana binsa 30,000 ta waya da ruwa kashi 20 a wata, mai kanti 8,000, aboki 15,000, ya kuma jinginar da gayaunarsa a kan 120,000. Jimla 173,000, kusan samunsa na wata uku. Ya matse ya ware 15,000 kowane wata, wato rubu'in samunsa.

Ya fara da na waya. Ƙarshen wata na fari ya zama 36,000, ya biya 15,000, saura 21,000. Wata na biyu ya zama 25,200, ya biya, saura 10,200. Wata na uku ya zama 12,240, ya kashe shi. Ku duba, rancen 30,000 ya ci masa 42,240. Da ya ƙyale shi wata shida ana ɗora ruwa a kan ruwa, da ya kusa 90,000. Da kuwa ya sayar da akuya ko ya sauya babbar wayarsa da ƙarama ya biya tun ranar fari, da ya tsira da 12,240. Shi ya sa tambayar Elisha take da muhimmanci: duba abin da ke cikin gida.

A wata na huɗu ya sallami mai kanti ya fara na aboki, a na biyar ya gama da aboki. Daga nan duk 15,000 ɗin tana tafiya wajen fansar gona. A wata na goma sha uku ya kammala. Wata goma sha uku da nisa ga mai shekara ashirin da biyar, na sani. Amma sannu ba ta hana zuwa. Asirin kawai shi ne, in bashi ɗaya ya mutu, kada kuɗin da kake zuba masa su koma aljihu, a tura su kan na gaba.

A kan gona da jingina

Matasa, ku saurare ni da kyau a nan. Gonakinmu na kewayen Kano ana noma su kowace shekara ba hutu, abin da ya riƙe su shi ne taki. Kakanninmu sun yi ta jigilar taki da shara daga birni a kan jakuna, suna zubawa shekara da shekaru. In ka jinginar da gona, ka ba da wahalar mutum uku ko huɗu da suka riga ka. Jingina ba ta da ruwa a baki, amma amfanin kowace damina shi ne ruwanta. Kuma jinginar da ta daɗe takan rikiɗe ta zama sayarwa, musamman yanzu da birni yake matsowa ana yanka gonaki ana yin fulotai.

Saboda haka gona ita ce ta ƙarshe da za a taɓa. In ta riga ta tafi, a yi takarda da shaidu a gaban mai unguwa, a rubuta jingina ce, da yawan kuɗin. Ka kuma yi lissafin lokaci: wanda ya zuba taki ya shuka ba zai saki gona ba sai ya girbe. Ka yi ƙoƙari kuɗin fansa su cika da rani, kafin ruwan shuka, in ba haka ba ka ƙara rasa damina guda.

Haka kuma in kaka ta yi, ware hatsin da gidanka zai ci har marka kafin ka kai ko tiya ɗaya kasuwa. Abin da zai hana ka cin falle baɗi shi ne damin da ka ƙi sayarwa bana.

Ina za a sami abin warewa?

Wani zai ce, “Fasto, abin da nake samu ko ci ba ya isa.” Akwai waɗanda wannan gaskiya ne a kansu, su kuwa nauyinsu yana kan ikkilisiya. Amma da yawa in suka duba shafi na uku za su ga kati da data, da shayi da ƙwai a tasha, da anko, da gudunmawar bikin da ba dole ba. 'Yan mata da amare, ku ma ku duba kayan da dillaliya take kawowa a biya kaɗan-kaɗan, ku tambayi farashinsu a Kantin Kwari ku ga bambanci. Ba zunubi ba ne ki je biki da atamfar bara. Kada dai a rage abincin yara ko maganin mara lafiya domin biyan bashi. Annabin ma ya bar wa gwauruwar abin da za su ci.

Ragewa kaɗai ba ta isa ba, sai an ƙara da nema. Rani yana da tsawo a ƙasarmu. Akwai aikin lambu a inda ake noman rani, akwai kiwon ɗan rago ko kaji, akwai koyon gyaran babur, ɗinki, walda. Kayan aikin da ba ka da su, ara, kamar yadda matar nan ta ari tandaye.

Adashi kuma hanya ce mai kyau in uwar adashi amintacciya ce. Sai dai ka gane cewa wanda ya kwasa da fari bashi ya ci, wanda ya kwasa a ƙarshe shi ne ya yi ajiya. In za ka kwasa da wuri, to, ya zama domin kashe bashi mai ruwa ne ko fansar gona. Bayan ka fita, ci gaba da ware wannan rubu'in, ka tara abin da zai riƙe gida wata ɗaya ko biyu, domin ranar da ciwo ya zo kada ka koma inda ka fito.

Waɗansu sukan tambaye ni a kan baiko. Amsata ita ce, bayar da abin da yake naka da farin ciki, ko ya yi ƙanƙanta. Kada ka ci bashi domin a kira sunanka ranar godiya ta kaka. Kuɗin da ka yi wa mai kanti alkawarinsu ba naka ba ne. Manzo Bulus a Romawa 13 ya ce a ba kowa hakkinsa, kada a bar wani bashi ya zauna sai na ƙauna.

Ga iyaye da dattawa

Yanzu ga rabonku. A zamanin Nehemiya, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, yunwa ta sa talakawan Yahuda suka jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi, waɗansu suka ci bashi domin harajin sarki, har 'ya'yansu suka shiga bauta a hannun 'yan'uwansu. Nehemiya bai tara matalautan ya yi musu faɗa ba. Manya da masu hali ya tara, ya sa suka mayar da gonakin, suka daina karɓar ruwa, shi ma ya sa kansa a ciki.

Mu tambayi kanmu. Bashin matasanmu nawa ne ya fito daga aure? Wa ya yawaita akwatuna? Wa ya ce sai an yi anko kala uku, an ɗauko makaɗa, an ciyar da gari? Mu ne. Muna ɗaura aure da safe, muna sallamar yara su shiga ɗaki da bashin shekara biyu, sa'an nan in faɗa ya tashi a gidan mu ce ba su da haƙuri. Dattawan kowace ikkilisiya suna iya zama su sa iyaka ga kayan aure. Zumuntar mata da ta matasa suna iya buɗe asusun rance marar ruwa, da littafi da ma'aji biyu, ana karanta lissafi a gaban kowa. Kai kuma mai hali da kake riƙe da gonar ɗan'uwanka, in ka ci amfaninta shekara huɗu ko biyar, ka tambayi lamirinka ko kuɗinka ba su riga sun dawo ba.

Ɗana, 'yata, ban yi maka alkawari mai zai ɓuɓɓugo a ɗakinka kamar na gwauruwar nan ba. Allah yana da iko ya yi, yakan kuma yi aikinsa ta wurin naira dubu goma sha biyar da aka ware wata bayan wata. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka kwanta yau sai ka rubuta takardar nan. Kafin Lahadi mai zuwa ka je ka gai da mutum ɗaya da kake gudu. In kana jin tsoro, nemi fastonka ko wani dattijo ya raka ka.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka san kowane matashi da yake sauraro da nauyi a zuciyarsa. Ka ba shi ƙarfin hali ya faɗi gaskiya, ka sa albarka a ɗan abin da ke hannunsa, ka ba shi haƙuri har ya gama biya. Ka tausasa zukatan masu bin bashi. Ka gafarta mana mu iyaye inda muka ɗora wa 'ya'yanmu kayan da ya fi ƙarfinsu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.